Kafin A Sayi Na'urar Leza A Intanet, A Duba Tarihin Likitocin Da Suka Fara Aiki Da Ita

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin wannan tallar. Wata 'yar na'ura ce da ake riƙewa a hannu ɗaya, tana walƙiya kamar filashin kyamara, mai tallar kuma yana rantsuwa cewa za ta cire gashi har abada, ta goge tabon ƙuraje, ta share baƙin gwiwar hannu. Sunan da ake kiranta da shi guda ne: leza. Kuɗinta sau da yawa bai kai na sabuwar waya ba, kuma a cikin 'yan kwanaki mai babur zai kawo ta har ƙofar gida. A manyan garuruwa kuma shagunan gyaran jiki sun fara rubuta wannan kalma a allunansu, kusa da lalle da dilka.

Leza tana aiki, babu gardama a kan wannan. Da ita ake ceto idon masu ciwon suga, a fasa tsakuwar ƙoda, a gyara gani. Sai dai ta kai wannan matsayin ne bayan shekaru masu yawa da wasu mutane suka yi suna zama tare suna bin diddigin aikin junansu, suna rubuta wanda ya warke da wanda ya ƙone. Na'urar da ta iso hannun mutum ba tare da wannan ilimin ba, rabin kaya ce ta iso. Tarihin wata ƙungiyar likitoci a Amurka ya nuna dalili.

Magani mai neman ciwo

Ranar 16 ga Mayun 1960 ne Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a jihar Kalifoniya. Da ɗan sandan jan yakutu ya haɗa ta. A lokacin babu wanda ya san takamaiman abin da za a yi da ita, har mataimakinsa ya riƙa zolayarsa cewa ya samo magani amma yana yawon neman ciwon. Masu bincike na farko ma ba su da ma'aunin kirki na ƙarfinta. Sai su jera rezar aski ta Gillette, su harba hasken, su ƙirga guda nawa ya huda. Lezar da ta huda reza uku ta fi wadda ta huda biyu.

Likitoci ba su yi jira ba. A watan Disambar 1961, Charles Campbell da Charles Koester suka yi amfani da lezar yakutu a kan wani ƙari da ke cikin idon majinyaci a asibitin Columbia-Presbyterian na birnin New York. A daidai wannan lokacin wani likitan fata a Jami'ar Cincinnati, Leon Goldman, ya buɗe ɗakin binciken leza domin aikin likita. Ya gwada hasken a kan fatar jikinsa, kuma a 1963 ya wallafa abin da ya gani: wurin da ke da duhun launi ya fi shan hasken, ya fi kuma ƙonewa. Wannan 'yar lura za ta dawo daga baya, domin ita ce ta fi shafar baƙar fata a cikin labarin gaba ɗaya.

A shekarar 1964 kaɗai aka samu sababbin nau'o'i uku da har yanzu ake aiki da su a asibitoci. Kumar Patel ya ƙirƙiro lezar iskar kabon a ɗakin binciken Bell, a can ɗin kuma aka haɗa wadda ake kira Nd:YAG, sannan William Bridges ya fito da ta iskar argon a Hughes. Kowacce da irin haskenta, kowacce kuma da irin abin da take yi wa nama. Likitan ido yana gwada tasa, na maƙogwaro yana gwada tasa, likitan mata ma haka, kuma ba kasafai suke jin labarin juna ba. Injiniyan da ya ƙera na'urar bai san jikin mutum ba, likitan da ke riƙe da ita bai karanci kimiyyar haske ba.

Zama a tebur ɗaya

Wannan giɓin ne ya sa a 1980 Goldman da wani likita, Ellet Drake, suka jagoranci kafa ƙungiyar da ake kira American Society for Laser Medicine and Surgery, ko ASLMS a taƙaice, wato ƙungiyar masu aikin magani da tiyata da leza ta Amurka. Mazauninta ba New York ba ne, ba kuma Washington ba. Wani ƙaramin gari ne mai suna Wausau a jihar Wisconsin, wanda mutanensa ba su wuce kimanin dubu 40 ba.

Abin da ya bambanta ta da sauran ƙungiyoyin likitoci shi ne waɗanda ta buɗe wa ƙofa. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi na masu fanni ɗaya ne, likitocin zuciya su kaɗai, na ƙashi su kaɗai. Ita kuwa wannan ta haɗa likitocin fannoni daban-daban da ma'aikatan jinya da masana kimiyyar haske da injiniyoyi da ma'aikatan kamfanonin da ke ƙera na'urorin. Tana da mujallarta, Lasers in Surgery and Medicine, inda masana ke tantance bincike kafin a buga shi. Tana kuma yin taro duk shekara, tana shirya kwasa-kwasai kan yadda ake kare majinyaci da ma'aikaci.

Aikin irin wannan ƙungiya ba shi da armashin da za a saka a bidiyon daƙiƙa talatin. Wani ne zai miƙe a gaban taro ya nuna hotunan fatar da ya ƙona, ya faɗi saitin da ya yi amfani da shi, wani ya tashi ya ce ga inda aka kuskure. Ta haka kuskuren likita ɗaya ke zama darasin dubu. Shi kansa Goldman, wanda ake yi wa laƙabi da uban likitancin leza, an san shi da yawan gargaɗin cewa idan aiki bai buƙaci leza ba, kada a yi amfani da ita. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan na'urar ke nan. Mai tallar intanet kuwa, wanda bai fi wata uku da saninta ba, cewa yake tana maganin komai.

Ƙa'idar da ta sauya komai

Lezojin farko na gyaran fata sun bar wa mutane da yawa tabo, musamman yaran da aka yi wa aikin jan tambarin haihuwa. Hasken yana dafa jijiyar jinin da ake nufi, amma zafin yana tsallakawa ya dafa fatar da ke kewaye. A 1983 Rox Anderson da John Parrish na babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka wallafa bayani a mujallar Science wanda ya warware matsalar. Sun nuna cewa ana iya ƙona abu guda a cikin fata a bar maƙwabtansa lafiya, matuƙar an daidaita abubuwa uku.

Na farko shi ne tsawon zangon hasken, wanda a ido ake ganinsa a matsayin launi, ana kuma auna shi da nanomita. Dole a zaɓi wanda abin da ake hari ya fi sha, ko jini ne, ko sinadarin launin fata da gashi mai suna melanin, ko ruwa. Na biyu shi ne daɗewar walƙiyar. Dole ta yi gajarta ta yadda za ta ƙare kafin zafin ya samu damar bazuwa. Misalinsa mai taɓa bakin tukunya mai zafi da sauri ya janye hannu, da kuma wanda ya ɗora hannun ya bar shi. Na uku shi ne yawan ƙarfin, wanda dole ya isa ya lalata abin da ake nufi amma kada ya wuce.

A kan wannan ƙa'ida aka gina kusan duk aikin leza na fata da ake yi yanzu, daga goge zanen jarfa zuwa cire gashi, wanda ya shigo kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Ma'anarta ga mai saye a fili take. Tambayar ko na'ura leza ce ba ta isa ba. Wace leza ce, a wane zango, na tsawon wane lokaci, a kan wace irin fata? Tallar da ba ta amsa waɗannan ba, ba ta faɗi komai ba.

Inda baƙar fata ta shigo

Lezar cire gashi melanin take nema. A jikin Bature mai baƙin gashi aikin yana da sauƙi, domin gashin ne kaɗai ke da duhu, hasken zai ratsa fatar ya tafi kai tsaye ga tushen gashin. A jikin Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare kuwa, fatar kanta cike take da melanin. Hasken da bai dace ba ba ya bambanta gashi da fata. Sakamakon shi ne ƙuna da bororo, ko baƙin tabo, ko farin tabo da kan ɗauki watanni bai koma daidai ba, wani ma ya zauna ke nan. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma bayan ciwo ya warke.

Lezar yakutu tana aiki a nanomita 694, ta alexandrite a 755, ta dayod a wajen 800 zuwa 810, ita kuwa Nd:YAG a 1064. Yadda zangon ke ƙara tsawo, haka melanin na saman fata ke rage shan hasken. Shi ya sa likitocin fata suka fi amincewa da Nd:YAG mai doguwar walƙiya, haɗe da sanyaya fata, ga masu duhun launi. Da ita ake taimaka wa samarin da ƙurajen aski suka addaba a gemu da wuya, idan sauran hanyoyi sun gaza.

Yawancin na'urorin hannu da ake tallatawa a intanet ma ba leza ba ne. Fitila ce mai ƙarfi da ake kira IPL, wadda ke watso haske mai zanguna da yawa a lokaci guda, ciki har da waɗanda baƙar fata ke sha sosai. Manyan kamfanoni irin su Philips da Braun sun rubuta ƙarara a takardun na'urorinsu cewa ba su dace da fata mafi duhu ba, kuma wasu samfuran suna da ma'aunin da ke hana su kunnawa idan fatar ta yi duhu da yawa. Wadda ba ta da suna, wadda aka sayo da araha, ba lallai ne tana da wannan birkin ba. Araha dai ba ta ado.

A nan ne kuma ya dace a faɗi laifin su kansu masanan. Ma'aunin launin fata da likitoci ke amfani da shi, wanda Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya tsara a 1975, da rukuni huɗu ya fara, duk na masu hasken fata. Sai daga baya aka ƙara na biyar da na shida domin masu duhu. An daɗe ana gwada na'urori a kan farar fata kafin a waiwayi saura. Ba a leza kaɗai abin ya tsaya ba: wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar oksijin ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Ƙungiyar masana tana gyara kuskuren da mambobinta suka gani ne kawai, kuma abin da ba ya zuwa asibitocinsu sukan makara kafin su gan shi.

Ko dai kare kasuwarsu suke yi?

Akwai masu cewa duk wannan gargaɗin dabara ce ta likitoci don kada mai shagon gyaran jiki ya ƙwace musu ciniki. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Aikin leza na kwalliya harka ce ta maƙudan kuɗi, kuma kamfanonin da ke sayar da na'urorin suna baje kolinsu a tarukan ƙungiyoyin likitoci, suna ɗaukar nauyin bincike da dama. Duk inda mai saye da mai sayarwa da mai tantancewa suka zauna a ɗaki ɗaya, dole a sa ido. ASLMS kuma ba hukuma ba ce. Ba ta ba da lasisin aiki, ba ta rufe shago. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita ke da iko a kan na'urorin tun bayan dokar 1976, jihohi kuma su ke yanke wanda zai riƙe su.

Amma alƙaluma ba su goyi bayan masu cewa hassada ce kawai ba. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Dermatology ya duba ƙararraki 175 da aka shigar a kotunan Amurka tsakanin 1999 da 2012 kan raunin da leza ta yi wa fata. A guda 75 daga ciki, wanda ya riƙe na'urar ba likita ba ne, kuma kason irin waɗannan ya tashi daga kusan kashi 36 cikin ɗari a 2008 zuwa kusan kashi 78 a 2011. Cire gashi ne ya fi yawa a cikin ƙararrakin. Sauran ƙararrakin kuwa likitoci ne da kansu, abin da ke nuna cewa takardar digiri kaɗai ba ta hana ƙuna idan babu horo a kan ainihin na'urar.

Haɗarin ma wani lokacin ba daga hasken yake zuwa ba. A 2007 FDA ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu, 'yar shekara 22 da 'yar shekara 25, waɗanda suka shafa man kashe zafi a ƙafafunsu suka naɗe da leda kafin a yi musu aikin cire gashi. Maganin ya shiga jininsu fiye da ƙima. A watan Yulin 2018 kuma hukumar ta ja kunnen kamfanonin da ke tallata na'urorin leza da makamantansu da sunan gyaran gaban mata, ta ce ba a tabbatar da amincinsu ko ingancinsu a wannan aikin ba, kuma an samu rahotannin ƙuna da tabo da ciwo mai daɗewa. A ƙasar da kasuwar kayan mata ke ci a kafafen sada zumunta, wannan gargaɗi ne da ya kamata a riƙe tun kafin tallar ta yi yawa.

Lezar da ke cikin aljihu

Masu wayoyin zamani sun daɗe da leza a aljihunsu. LG G3 ta 2014 ta yi amfani da ita wajen saita kyamara. Tsarin Face ID da ya zo da iPhone X a 2017 yana watsa ɗigo sama da dubu 30 na hasken da ido ba ya gani a kan fuska, iPhone 12 Pro kuma ta zo da LiDAR a 2020. Babu mai jin tsoron waɗannan, saboda an ƙera su a rukuni na 1 cikin ma'aunin tsaro na duniya, wanda ke raba lezoji daga rukuni na 1 marar haɗari a amfanin yau da kullum zuwa na 4 mai iya ƙona fata da makantarwa. Yawancin lezojin tiyata da na gyaran fata a rukuni na 4 suke. Kwanciyar hankalin da mai iPhone ke da shi, aikin kwamitocin masana ne da bai taɓa jin sunansu ba.

Inda babu wannan sa idon, sai a dubi 'yar tocilan mai koren haske da yara ke wasa da ita a biki da gidan kallon ƙwallo. Dokar Amurka ta taƙaita ƙarfin irinta a miliwat 5. Amma da cibiyar ma'aunai ta ƙasar, NIST, ta gwada guda 122, rahotonta na 2013 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na koraye da kimanin kashi 44 na jajaye sun saɓa wa ƙa'ida. Ido yana tattara hasken da ya shige shi a ɗan ƙanƙanin wuri a bayansa, wurin kuma ba ya jin zafi, don haka mutum na iya ƙona ganinsa bai sani ba sai ya lura da baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Wanda ya taɓa ganin yadda hasken leza a wurin casu ke lalata kyamarar waya ya bar layi a hoto har abada, ya ga misali. Ana canza kyamara a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ido kuwa babu inda ake sayar da shi.

Abin da ya rage

Ga mai niyyar zuwa shago ko asibiti, tambayoyi kaɗan sun isa su tona asiri. Mene ne sunan na'urar, kuma a wane zango take aiki? Wa ya horar da mai riƙe ta, akwai likitan da ke kula da aikin? An taɓa yi wa masu irin wannan launin fatar, akwai hotunansu bayan watanni, ba bayan awa ɗaya ba? Za a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri a jira kwanaki? Akwai tabarau na musamman ga majinyaci da ma'aikaci? Wurin da bai tambayi mutum ko yana shafa man bilicin ko yana shan wani magani ba kafin a kunna na'ura, wuri ne da ya kamata a fita daga cikinsa. Ga mai son sayen ta gida kuma, ya nemi jadawalin launin fata a takardar kamfanin, idan launinsa ba ya ciki ko takardar ma babu, kuɗinsa ya fi amfani a aljihunsa.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa mai saye dukkan nauyin. Nijeriya tana da NAFDAC mai rajistar kayan aikin asibiti, tana da majalisar da ke ba likitoci lasisi, tana da ƙungiyar likitocin fata, tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Abin da tarihin Wausau ke nunawa shi ne amfanin haɗa irin waɗannan da injiniyoyi da masu shigo da kaya da masu shagunan gyaran jiki a wuri ɗaya, a amince da mafi ƙarancin horon da ake buƙata, a kuma riƙa rubuta duk raunin da aka samu. Likitocin Kano da Zariya da Maiduguri da Yamai suna ganin baƙar fata kowace rana fiye da takwarorinsu na Boston. Idan suka tattara abin da suke gani suka buga shi, su ne za su cike giɓin da aka bari tun 1975. Amurka ta ɗauki shekara 20 tsakanin leza ta farko da kafa ƙungiyarta, a lokacin da na'urar ke kulle a ɗakunan bincike da manyan asibitoci. Yanzu kuwa da waya da katin banki ake sayenta.